Kafin a mai da shagunan Gombe gidajen kwana, a fara zagaya bayansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin mu ja hankalin masu shaguna da hukuma kan wani abu da ya fara yawa a cikin garin Gombe. Mu da muka haɗu muka rubuto wannan wasiƙa da aikin gini muke cin abinci: akwai injiniya a cikinmu, da birkila, da mai aikin famfo, da mai wayarin.

Duk wanda ya bi ta Sabon Layi, ko Jekadafari, ko Bolari, ko ya miƙe hanyar Biu, zai ga shaguna da kwado a ƙofa, musamman na saman bene. Ba abin mamaki ba ne. Shekara da shekaru, duk mai gidan da kwalta ta bi ta ƙofarsa sai ya fasa katanga ya fitar da shago 4 ko 5, har a wasu layukan shaguna suka fi masu kama su yawa. Daga 2023 da aka janye tallafin man fetur jarin ƙananan 'yan kasuwa da dama ya karye, wasu kuma sun koma sayar da kayansu daga gida ta WhatsApp. A daidai wannan lokaci, samun ɗakin haya a tsakiyar gari sai wane da wane. Tun 1996 da Gombe ta zama babban birnin jiha take cika, rikicin Borno da Yobe ya ƙaro mata jama'a, ga ɗaliban jami'ar jiha da ke Tudun Wada da na kwalejin ilimi ta tarayya, ga ma'aikatan asibitin koyarwa, ga masu yi wa ƙasa hidima, ga sababbin angwaye da ba sa son yin nisa da wurin nemansu. Sai mai shago ya fara lissafi: me zai hana a toshe gaban nan da bulo, a sa taga, a zuba ɗan haya?

Lissafin ba shi da laifi, mun ma fi so a yi hakan da a bar gini yana lalacewa a rufe. Sai dai toshe gaba shi ne mafi sauƙin aikin, birkila ɗaya da lebura biyu za su gama shi a wuni guda. Abin da zai nuna ko shago zai zaunu yana bayansa. Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, mai shago ya ɗauki tef ya zagaya baya ya auna filin da ke tsakanin bangon shagon da iyakarsa. In bai kai ƙafa 10 ba, maganar ta ƙare. A nan ne tagar baya za ta buɗe, a nan za a haƙa sokawe, a nan tankin ruwa zai tsaya, a nan za a yi shanya. Shagunan da aka gina baya da baya, bango ɗaya ya raba na wannan layi da na wancan, ba su da gyara, domin babu inda iska za ta fita, babu kuma inda ƙazanta za ta tafi. Shagon da ke cikin kasuwa shi ma a fitar da shi daga lissafi. Kasuwa ta hukuma ce, wanda aka ba rumfa ɗan haya ne ko da ya shekara 30 a ciki, ana kuma rufe ƙofofin kasuwa da dare, ranar da wuta ta tashi na ciki ba shi da mafita.

Sai takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, takardar mallakar da ake ba mutum kuma tana faɗin abin da aka ba shi filin ya yi da shi, kasuwanci ko zama. A dokar tsara birane ta 1992, sauya abin da ake yi da gini aiki ne da ake nema wa izini, ko da ba a ɗora bulo ɗaya ba. A Gombe maganar fili tana hannun hukumar kula da filaye, GOGIS, izinin gini kuma yana hannun hukumar tsara birane, GOSUPDA. Akwai waɗanda za su je su tarar tun asali filin na zama ne, shagunan ne aka fitar ba izini, to su aikinsu ya zo da sauƙi. In shagunan na gado ne, a sami amincewar magada a rubuce, mata da maza, kafin guduma ta taɓa bango. Aikin da rigimar gado ta tsayar da shi ana tsakiyar fasa bango ya fi wanda ba a fara ba hatsari.

Akwai tambayar da kusan ba a yi, alhali ita ce mai kisa: me aka ajiye a shagon nan da, kuma me maƙwabcinsa yake ajiyewa yanzu? Gombe garin hatsi ce, kowa ya san Tudun Hatsi, kuma shagunan da ba su sami mai haya ba sukan koma sito. Ƙwayar da ake sa wa wake da masara don kashe ƙwari, wadda 'yan kasuwa ke kira bom, da ta sha danshi take fitar da iska mai guba. Wannan iska tana bi ta saman silin, ta tsagar bango, ta ramin da waya ta wuce, ta shiga ɗakin da ke kusa, mai barci ba zai ankara ba. Ba a kwana bango ɗaya da siton hatsi. Haka shagon maganin feshi, da na mai sayar da fetur a jarka, da wurin cika gas, da na mai walda. Shagon da ya daɗe da maganin feshi ko baƙin mai, fenti ba ya isar masa: a fasa daɓen, a kwashe ƙasar da ta sha, a kankare filasta har ƙafa 3 ko 4 daga ƙasa, a sake sabo.

Yawancin shagunanmu ƙafa 12 da 12 ne, wasu 10 da 12. In aka yanki banɗaki da wurin girki a cikin irin wannan, abin da ya rage katifa kaɗai zai ɗauka. Shago 2 ne ke ba da gida ɗaya, ɗaki da falo. In filin baya ya kai ƙafa 16 ko fiye, abin da ya fi shi ne a bar ɗakunan yadda suke, a gina banɗaki da kicin a waje, jingine da bangon baya. Banɗaki mai ƙafa 4 da 6 ya zauna a bayan ɗakin kwana, kicin mai ƙafa 6 da 6 a bayan falo, su haɗa bango ɗaya a tsakiya domin bututunsu ya fita ta wuri guda. Da haka ɗakin kwana zai sami ƙafa 7 na tagar baya, falo ya sami wurin ƙofa. Wannan ƙari yakan ci bulo mai inci 6 kimanin 280 zuwa 300 har da na fandisho, da siminti buhu 5 zuwa 6 na ɗora shi. In filin ƙafa 10 ne kacal, dole a yanka a ciki, gidan kuma na mutum ɗaya ko biyu ne, kada a yaudari mai iyali da shi.

Za mu ƙara da shawarar da masu shaguna ba sa son ji, domin tana cin shago guda. A jerin shago 9, a mai da 8 gidaje 4, na tsakiya a fasa bayansa ya zama zaure. Duk ƙofofin gidajen su koma baya, su buɗe cikin tsakar gida ɗaya. Matar aure ba za ta zauna a ɗakin da ƙofarsa ke buɗewa kai tsaye kan titi ba, mai yaro ƙarami ma ba zai sami natsuwa ba ga 'yan acaba da Keke Napep suna wucewa a bakin ƙofa. Hayar shagon da aka sadaukar tana dawowa ta hayar sauran. Barandar gaba kuwa kada a kewaye ta da katanga, sau da yawa tana cikin tazarar da doka ta ware wa titi, ranar da aka zo faɗaɗa hanya ita za a fara rushewa.

Wajen haɗa shago 2 ana buƙatar ƙofa a bangon da ya raba su, ana kuma buƙatar tagogi da ƙofofi a bangon baya. A nan ake jawo wa gini rauni. Wasu gine-ginen an zagaya su da linta, wato kankare mai rodi da ke ɗauke da bango a saman ƙofa da taga, a tsawon ƙafa 7, irin waɗannan ana iya yanka a ƙarƙashin lintar ba fargaba. A kankare filasta a tabbatar, kada a ɗauka. In babu, sai a tokare abin da bangon ke ɗauke da shi ta ɓangare biyu, a fara yanke gurbin lintar kaɗai, a zuba ta: inci 9 da 9, rodi 4 mai milimita 12, ringi mai milimita 8 a kowane inci 8, kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, ta hau bango aƙalla inci 9 ta kowane gefe. A riƙa ba ta ruwa kwana 7, a bar tokaren kwana 14, sannan a cire bulon da ke ƙasa. Da injin yanka ake yi. Babbar guduma tana girgiza bangon duka, tsagar ba ta fitowa ranar, sai bayan damina ɗaya. Fila kuwa, wato ginshiƙin kankare, ba a taɓa ta, ko da ta tsaya a daidai inda ake son ƙofa. A matsar da ƙofar.

Ƙofar shago mai faɗin ƙafa 8 da tsawon ƙafa 8, in aka toshe ta da bulo mai inci 9 aka bar taga, bulo 45 take ci, shago 2 bulo 90 da siminti buhu 2. Abu biyu ake sakaci da su. Dokin ƙofar shago daɓe ne marar kauri, ba a yi shi don ɗaukar bango ba, sai a haƙa a zuba masa ɗan kankare. Sannan sabon bulo ba ya kama tsoho da kansa: a huda tsohon bango a cusa guntun rodi a kowane layi 2 ko 3, in ba haka ba tsaga za ta fito a mahaɗar daga sama har ƙasa. A bar babbar lintar gaban yadda take. Kasuwa tana juyawa, in layin ya farfaɗo za a iya buɗe shagon a kwana biyu.

Ƙa'idar taga ita ce girmanta ya kai kashi ɗaya cikin 10 na girman daɓen ɗakin. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, taga mai ƙafa 4 da 4 ta cika ƙa'ida a takarda. A Gombe ba ta isa ba, daga Maris zuwa Mayu zafi yana kai digiri 40. Kowane ɗaki ya sami taga 2 masu kallon juna, gaba da baya. Ta gaban titi a ɗaga ta ƙafa 5 daga ƙasa, a yi ta da faɗi, ƙafa 6 da 2 da rabi, iska ta shiga, idon mai wucewa bai shiga ba. Tagar alminiyam mai zamewa rabinta kaɗai ke buɗewa, mai buɗewa waje ko luba ta fi ta amfani nesa ba kusa ba. Kowace taga da ragar sauro.

Daɓen shago da gangan ake yin sa kusa da matakin titi don a ji daɗin shigar da kaya. Titi kuma duk gyaran da aka yi masa ƙara tudu yake. Garin Gombe a gangare yake, ruwan Agusta da gudu yake saukowa, shagon da ruwa ya shiga ana ɗaga kaya a share, gida kuwa katifa da buhun abinci suna ƙasa. Daɓen gida ya ɗara ƙasar waje da ƙafa ɗaya aƙalla. A cika da jar ƙasa a daddaɓe ta sosai, a shimfiɗa leda mai kauri da bakinta ya hau bango kaɗan, a zuba kankare inci 4. Shago 2 zai ci kimanin buhu 12 a kwaɓin 1, 3, 6. Ledar nan ita ke hana danshi hawowa ya kumbura fenti ya sa kaya fumfuna. Amma kafin a ɗaga daɓe a auna sama. In abin da zai rage tsakanin daɓe da silin bai kai ƙafa 9 ba, fanka za ta sauko kusa da kai, zafi kuma ya taru. Ƙasa da ƙafa 8 sai dai a ɗaga rufin.

Yanzu ga inda kuɗi da rigima suke, wato banɗaki da sokawe. Bututun masai inci 4 ne, gangarensa inci 3 a kowace ƙafa 10. In gangaren ya gaza haka ƙazanta ta kwanta ta toshe, in ya yi yawa ruwa ya gudu ya bar ta a baya, ita ma toshewa ce. Ruwan wanka da na wanke-wanke a bututu mai inci 2, kowace mafita da lanƙwasar da ke riƙe ruwa, ita ke hana wari da kyankyaso dawowa ɗaki. Duk inda bututu ya yi kwana a gina ɗan akwatin dubawa mai murfi, domin ranar toshewa a zura sanda ba sai an fasa daɓe ba. A fitar da bututun shaƙar iska ya wuce rufi da ƙafa 2, a ɗaure masa raga. Daɓen banɗaki ya yi ƙasa da na ɗaki da inci 1 zuwa 2, ya gangara wajen mafitar ruwa. Sannan a tuna da alƙibla tun kafin a binne bututu. A Gombe gabas take ta ɗan karkata arewa, don haka mazaunin ya kalli kudu ko arewa. Masu haya da yawa sukan fasa kama gida saboda wannan kaɗai, juya shi bayan an sa tayil kuma sabon aiki ne.

Ramin tara ƙazanta na gidaje 4, a ce mutum 12, ya ɗauki lita 4,000 da ɗoriya: tsawo ƙafa 8, faɗi ƙafa 4, zurfin ruwa ƙafa 5. A raba shi gida 2, na farko ya ɗauki kashi 2 cikin 3. Bututun shiga ya ɗara na fita da inci 2 zuwa 3. Bulo mai inci 9 da aka cika cikinsa da kankare, kimanin 200 zuwa 220, a yi masa filasta ciki don kada ya yi yoyo. Daga nan ruwan ya wuce rami na biyu, mai tsotsewa, wanda ba a daɓe ƙasansa, ana barin huda a bulonsa, a zagaye shi da duwatsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne haƙa rami ɗaya a kira shi sokawe, laka ta toshe shi cikin ɗan lokaci, a shiga kiran motar kwasa ba ƙaƙƙautawa. Ƙasar Gombe ba iri ɗaya ba ce. Inda yashi ne ruwa yana tsotsewa da sauri, amma gefen rami yana zubewa kan masu haƙa in ba a tokare ba, kuma ramin da ya matsi fandisho yana janye yashin ƙarƙashinsa har bango ya tsage. A ba shi ƙafa 10 daga gini in da hali, kada ya gaza 6. Inda baƙar ƙasa ce mai danƙo, a gwada tukuna: a haƙa rami ƙafa 3, a cika shi da ruwa da yamma, in da safe ruwan yana nan to rami mai tsotsewa ba zai yi aiki ba a wurin. In akwai rijiya a maƙwabta, tazarar ta kai mita 30, ko ta ƙi kada ta gaza 15. A bar hanyar da tiyon motar kwasa zai isa. Wanda ya ce zai haɗa bututun masai da kwatar titi saboda ba fili, wannan ya tabbatar da cewa shagonsa ba na gyarawa ba ne.

Ruwan Dadin Kowa ba kullum yake isa kowace unguwa ba, don haka tanki dole ne. Mutum ɗaya yana buƙatar kimanin lita 50 a rana, mutum 12 lita 600, tanki mai lita 2,000 zai kai su kwana 3. Litar ruwa kilo ɗaya ce, tankin nan in ya cika tan 2 ne. Ba a ɗora shi kan dekin ko kan bangon banɗaki, a yi masa ƙafar ƙarfe da nata fandisho. Masai na zama yana shan lita 6 zuwa 9 a kowane ja, na tsugunne da ake kora wa da buta ko bokiti lita 2 zuwa 3 sun ishe shi. Ga wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, na tsugunne ya fi rufin asiri.

Rufin shaguna yawanci a ɓoye yake a bayan katangar ado, kwano a kwance, ba mafitar iska. Da rana mai shago yana zaune a baranda, da dare ya kulle ya tafi, bai taɓa sanin cewa ɗakin tanda ne ba. A buɗe wa cikin rufin huda gaba da baya da bulo mai ido, a sa raga saboda jemage da ɓera. A duba kwatar da ke bayan katangar adon, nan ne yoyo ke farawa in leda da ƙura suka cika ta, a share ta kafin ruwan farko. Tsohon silin na asbesto kada a yanka shi da inji ko a farfasa shi a bushe, ƙurarsa tana lalata huhu, a jiƙa shi a sauke shi ɗai-ɗai. Sannan a leƙa saman silin. A jerin shaguna da yawa bangon da ya raba su a silin ya tsaya, sama fili ne daga farkon layi har ƙarshe. Wuta tana bi ta nan, ɓarawo yana bi, maganar miji da mata ma tana bi. A ɗora bulo har ya taɓa kwano tsakanin kowane gida da na kusa da shi.

Wayarin shago na ƙwai 2 da fanka ne. Gida yana da dutsen guga, da hita, da firij, wani da na'urar sanyaya ɗaki. A zare tsohuwar wayar gaba ɗaya. Fitilu waya mai 1.5, soket mai 2.5, hita da na'urar sanyi mai 4, kowanne da layinsa da burekarsa. A sa burekar nan da ke yanke wuta nan take in ta fara bin jikin mutum ko ƙarfe, a kafa sandar tagulla ta ƙasa mai ƙafa 4 zuwa 6 a wuri mai danshi. A kankare bakin waya kafin a saya, akwai ta alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla, ita ke zafi a cikin bango. Kowane gida da mitarsa ta kati, kuma mai shago ya je ofishin kamfanin rarraba wuta, JED, ya tabbatar babu tsohon bashi a kan layin kafin ɗan haya ya shiga.

Tukunyar gas ta zauna a waje cikin keji, ko a kicin mai huda a ƙasan bango, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi da janareta a zaure duk hayaƙinsu yana kisa ba wari ba ƙara. Taga ɗaya a kowane gida a yi wa ƙarfenta hinji da kwado ta ciki, makullin a rataye kusa. A cire maƙalar kwadon waje da ke jikin tsohuwar ƙofar shago.

Shagunan saman bene su suka fi zama ba kowa, su ne kuma muka fi ganin dacewar a gyara, domin sun fi samun iska da sutura, ƙasa kuma ta ci gaba da kasuwancinta. Amma nan sai da injiniya. Bangon bulo mai inci 6 da filasta, mai tsawon ɗaki, yana haura kilo 700 a kowace mita. In bai zauna kan bim ba, wato kankaren da ke ɗauke da dekin ta ƙasa, dekin zai lanƙwasa a hankali, sai a yi rabon da katako da allo marar nauyi. Kada a sassaƙe dekin don binne bututu, ana yanke rodi a haka. A jera banɗakunan a bangon baya, a ɗaga daɓensu da taki ɗaya, bututu ya fita ta bango ya sauka ta waje. A shafe daɓen da maganin hana yoyo ya hau bango ƙafa ɗaya, a tare ruwa a ciki kwana 2 a duba ta ƙasa kafin a sa tayil, in ba haka ba ruwan wanka zai sauka kan kayan mai shagon ƙasa. Ƙarfen baranda ya kai mita 1.1, tsakanin sanduna kada ya wuce inci 4 saboda kan yaro. Matakala ɗaya da ake kulle ƙofarta da dare ba ta isa benen da ake kwana ba.

Da buhu da bulo muka yi lissafi, domin duk da masana'antar siminti ta Ashaka tana nan kusa da mu farashin siminti ba ya zama wuri ɗaya. Mai shago ya sa farashin ranar, ya haɗa da kuɗin aiki da na izini, ya ƙara kashi 15 cikin 100 saboda abin da zai ɓullo in an fasa, sannan ya raba da hayar shekara. In zai ɗauki fiye da shekara 5 ko 6 kafin kuɗin su dawo, a ganinmu gara ya rage kuɗin hayar shagon ya sami mai kamawa. Zai kuma lura cewa sokawe da tanki da zaure su ne masu cin kuɗi, gida ɗaya ba ya iya ɗaukarsu, gida 4 suna iyawa. Masu shago ɗaiɗai a layi guda sai su haɗa kai su yi aikin tare, su rubuta wanda zai biya kwasar rami da sayen ruwa.

Roƙonmu ga GOSUPDA shi ne ta fitar da sharuɗɗan wannan aiki a takarda guda da Hausa, ta sa kuɗin izini daidai ƙarfin mai shago 4 ko 5, domin in ya yi tsada a ɓoye za a yi, mutane kuma sun riga sun fara kwana a shaguna. Ta bar ƙasan bene a manyan titunan kasuwanci a matsayin shaguna, ta ba da izini a saman bene da ƙananan layuka. Jami'inta ya zo sau 2: kafin a fara, ya auna filin baya ya ga abin da maƙwabta ke ajiyewa, sai kuma ranar da aka gama ramuka da bututu, kafin a rufe su da ƙasa. Masu unguwanni su ma su sa ido, su ne suka san shagon da ya koma siton wake da wanda aka shigar da katifa.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu aikin gini,
Gombe.